Furotin na lalacewa cikin makonni, to me ke riƙe abin da muka koya shekara da shekaru?

Ɗalibar_Likitanci:

Assalamu alaikum malamai. Tambayata a kan mahaɗar jijiya ce, wato ɗan gurbin da ƙwayar jijiya ke miƙa wa 'yar'uwarta saƙo, wanda littattafai ke kira sinaps. An koya mana cewa idan mutum ya koyi abu, wasu mahaɗu ne ke ƙara ƙarfi, kuma furotin ne ke ɗauke da ƙarfin: makarɓan gulutamet (sinadarin da ke ɗaukar saƙon), da inzayim, da furotin masu riƙe su a wurin. To amma a bayokemistiri an ce yawancin furotin ɗin mahaɗa ba sa wuce 'yan kwanaki zuwa makonni kaɗan kafin a rushe su a kawo sababbi. Fosfet ɗin da ake liƙa musu ma ya fi haka saurin tafiya. Ga shi kuwa dattijo ɗan shekara 70 yana tuna abin da ya koya tun yana ɗan shekara 7.

Mene ne a cikin mahaɗar yake riƙe ƙarfin bayan duk kayan da aka fara da su sun ƙare? Na ga ana ambatar CaMKII, na ga ana ambatar PKMzeta, kuma da alama masu binciken ba su jitu ba. Ina neman bayani filla-filla, tare da irin gwajin da ya kai su ga kowace magana.

Malamin_Fiziyoloji:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Wannan tambayar Francis Crick ya yi ta a 1984, John Lisman kuma ya kawo shawarar farko a 1985. Kafin mu shiga sunaye, ki raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa: kunna ƙarfin daban, riƙe shi daban.

Kunnawa an fahimce ta sosai. Jijiya mai aikawa tana zubo gulutamet cikin ratar da faɗinta bai wuce kimanin nanomita 20 ba. A ɗaya gefen, a kan ɗan tsiron reshe da ake kira ƙaya, akwai makarɓa iri biyu. Na AMPA suna buɗewa nan take, sodiyam ya shiga. Na NMDA kuwa ko gulutamet ya kama su ba sa barin komai ya wuce, domin magnisiyam ya toshe musu baki muddin ƙwayar tana kwance a wajen milivolt 70 ƙasa da sifili. Sai cajin ƙwayar ya tashi magnisiyam ke fita, kalsiyam ya kwararo. Ke nan makarɓin NMDA ba ya aiki sai mai aikawa da mai karɓa sun motsa a lokaci guda. Bliss da Lømo ne suka wallafa abin da ke biyo baya a 1973, daga hipokampus ɗin zomaye, wato sashen ƙwaƙwalwa mai aikin tunawa: bugun lantarki mai sauri na 'yan daƙiƙoƙi ya bar mahaɗa da ƙarin ƙarfi na sa'o'i. Shi ake kira LTP. A 1983 Collingridge ya nuna cewa maganin AP5, mai toshe NMDA, yana hana LTP tasowa. Amma idan aka bari LTP ya kafu sannan aka zuba AP5, babu abin da ke faruwa. Makarɓin NMDA na kunnawa ne, ba ya cikin masu riƙewa.

Daga nan kalsiyam ya kama wani ɗan furotin mai suna kalmodulin, su biyun su tada CaMKII. Inzayim ne mai yawan gaske, ya kai kusan kashi 2 cikin 100 na duk furotin ɗin hipokampus. Guda 12 ne ke haɗuwa su yi zobe biyu, shida-shida. Idan maƙwabta biyu a zoben suka tashi tare, ɗaya zai liƙa wa ɗaya fosfet a gurbin T286, kuma daga nan wanda aka liƙa wa zai ci gaba da aiki ko kalsiyam ya janye. Tunanin Lisman shi ne: in fosfet ya faɗi daga guda ɗaya, maƙwabcinsa zai mayar masa, in an kawo sabon guda ma haka, sai zoben ya zauna a kunne har abada. A 1998 Giese ya sauya T286 a ɓeraye yadda ba zai karɓi fosfet ba, LTP ya lalace, koyon hanya a cikin ruwa ma ya lalace.

Sai dai wannan gwajin kunnawa ya taɓa, tunda an haifi ɓerayen da nakasar. Kuma a 2009, a ɗakin binciken Yasuda, an auna aikin CaMKII a cikin ƙaya guda ɗaya kai tsaye, aka ga yana tashi ya sauka cikin kamar minti ɗaya. Wannan ya raunana zancen zobe mai zama a kunne. Abin da ya fi ƙarfi yanzu shi ne ɗaurin jiki: CaMKII da ya tashi yana kama wutsiyar GluN2B, wani sashe na makarɓin NMDA, kuma wannan kamun yana daɗewa bayan aikin inzayim ɗin ya lafa. Da yake zoben na da hannu 12, yana iya tara furotin da yawa wuri guda, ya faɗaɗa dandalin da makarɓan AMPA ke zama ta hanyar furotin masu riƙe su, PSD-95 da TARP. A 2011 Sanhueza da Lisman sun zuba guntun furotin tatCN21 bayan LTP ya kafu. A ƙaramin ma'auni, wanda ke tsayar da aikin inzayim kawai, ƙarfin bai goge ba. Sai a ma'auni mai yawa, wanda ke raba CaMKII da GluN2B, ƙarfin ya sauka bai dawo ba. Game da lalacewar furotin kuma, ɗakin Kuriyan ya nuna a 2014 cewa zoben da ya tashi yana musayar guda-guda da wanda bai tashi ba, amma a kwalbar gwaji aka ga haka.

Ki riƙe wannan ma'aunin ga duk wanda ya ce ya gano mai riƙewa. Dole a sa maganin bayan an gama koyo. Dole bayan maganin ya fita daga jiki abin ya ƙi dawowa. Dole kuma dabbar ta iya sake koyo, don a tabbatar ba kashe wurin aka yi ba. Wata matsala da ake faɗawa: maganin KN-93 yana hana kalmodulin tada CaMKII ne, ba ya taɓa wanda ya riga ya tashi, saboda haka rashin tasirinsa bayan LTP ba hujjar komai ba ne.

Mai_Bayokemistiri:

Malam ya shimfiɗa hanya, amma ni a ganina PKMzeta ya fi CaMKII cin wancan ma'aunin guda uku, duk da tuntuɓen da ya yi a 2013.

Inzayim na dangin PKC suna da sashe biyu: mai aiki da mai danne shi. Sai saƙo ya zo mai dannewar ke ɗagawa, saƙon na wucewa ya koma. PKMzeta, wanda Todd Sacktor ya bayyana a 1993, ba shi da sashen dannewar kwata-kwata, domin ana karanto shi ne daga tsakiyar ƙwayar gadon. Da zarar an ƙera shi yana aiki, ba ya tsayawa sai an rushe shi. Saƙon mRNA ɗinsa, wato kwafin umarnin ƙera shi, yana zaune a cikin rassan ƙwayar a danne, bugu mai ƙarfi ne ke sakin sa a fassara. Aikinsa kuma ya dace da riƙewa. Makarɓan AMPA ba a kafe suke ba, kullum ana shigar da su ana janye su. PKMzeta yana rage janye masu ɗauke da sashen GluA2, ta hanyar furotin NSF, sai adadinsu a mahaɗar ya zauna a sama.

A 2006 Pastalkova ta koya wa ɓeraye gujewa wani ɓangare na faifai mai juyawa inda ake ɗan jan su da lantarki. Bayan kwana ɗaya, wasu kuma bayan wata ɗaya, aka yi musu allurar ZIP, guntun furotin da aka ƙera don toshe PKMzeta, a hipokampus. Suka shiga wurin kamar ba su taɓa saninsa ba, kuma da aka sake koya musu sun koya. A 2007 Shema da Dudai suka ga irin haka a ɓawon ƙwaƙwalwa: ɓeran da ya koyi ƙyamar wani ɗanɗano ya manta ƙyamar, makonni bayan koyon.

A Janairun 2013 ɗakunan bincike biyu, na Huganir da na Messing, suka cire ƙwayar gadon PKMzeta daga ɓeraye. LTP ya fito lafiya, koyo da tunawa lafiya. Abin da ya fi muni, ZIP ya ci gaba da goge LTP a ɓerayen da ba su da abin da aka ce yana toshewa. Ke nan ZIP yana taɓa wani abu daban, kuma daga baya an nuna yana iya kwantar da aikin jijiyoyi, yana iya yi musu lahani ma idan ya yi yawa. Duk wanda ya dogara da ZIP shi kaɗai a yau, hujjarsa ba ta tsaya ba.

Amsar ɓangaren Sacktor ta zo a 2016. A ɓeran da aka haifa babu PKMzeta, ɗan'uwansa PKC-iota, wanda a ɓera ake kira lamda, shi ke hawa ya ɗore ya cike gurbin, kuma ZIP yana toshe shi ma. Da suka hana ƙera sabon PKMzeta da guntun saƙo mai kishiyantar mRNA ɗinsa, LTP mai ɗorewa ya faɗi a ɓera na asali, bai faɗi a wanda aka cire wa ba. Darasin da ke ciki ya wuce PKMzeta: cire ƙwayar gado tun daga haihuwa yana ba jiki lokacin neman madadi.

Tambayarki ta ainihi, 'yar'uwa, sai a 2024 aka taɓo ta kai tsaye, a aikin Tsokas tare da Sacktor da André Fenton. Shi ma PKMzeta kwanaki yake yi a rushe shi. Akwai furotin mai suna KIBRA, wanda tun 2006 aka danganta bambancin ƙwayar gadonsa da ƙarfin tunawa a mutane. KIBRA yana taruwa a mahaɗar da aka ƙarfafa, ya kama PKMzeta, kuma kamun yana kare PKMzeta daga saurin rushewa. Ba ɗayansu da ke daɗewa, amma ba sa tafiya tare. Kamar masu gadi biyu ne a ƙofa ɗaya: in ɗaya ya tashi, wanda ya rage ne ke nuna wa sabon zuwa inda zai tsaya. Da aka raba su da magunguna masu hana kamun, irin su zeta-stat, LTP ya sauka a mahaɗun da aka ƙarfafa kaɗai, abin da ɓera ya koya wata ɗaya baya ya goge, kuma maganin bai yi komai ba a ɓeran da babu PKMzeta. Wannan gwajin na ƙarshe shi ne wanda ZIP ya kasa ci. Abin da ya rage shi ne wasu ɗakunan bincike masu zaman kansu su maimaita.

Ɗalibar_Likitanci:

Na gode malamai, Allah ya ƙara basira. Abu biyu sun tsaya mini. Ƙwaya ɗaya tana da mahaɗu dubbai, cibiyarta kuma ɗaya ce. Yaya sabon furotin ke sanin mahaɗar da zai je? Sannan in riƙewa na bukatar ƙera furotin kullum, me ya sa maganin da ke hana ƙera furotin ba ya goge tsofaffin abubuwa?

Malama_Jijiya:

Ƙanwata, na farkon Frey da Morris suka amsa a 1997, kuma tsarin gwajin ya cancanci ki san shi. Bugu ɗaya mai sauri, kamar sau 100 cikin daƙiƙa ɗaya, yana ba da LTP na farko, wanda ke sauka cikin awa ɗaya zuwa uku kuma ba ya bukatar sabon furotin. Bugu uku ko huɗu da tazarar mintoci 5 zuwa 10 suna ba da LTP mai ɗorewa, wanda anisomisin, maganin hana ƙera furotin, ke hanawa. Sai suka ɗauki hanyoyi biyu masu shiga ƙwayoyi ɗaya. Hanya ta farko aka ba ta bugu mai ƙarfi. Bayan ɗan lokaci aka zuba anisomisin, aka buga ta biyu. A ƙa'ida ta biyun ba za ta ɗore ba, tunda an hana ƙera furotin, amma ta ɗore. Ko bugu mai rauni aka ba ta, takan ɗore. Bayanin shi ne furotin ɗin da bugun farko ya sa aka ƙera ba su da adireshi, suna yawo a rassa. Mahaɗar da aka buga ce ke kafa alama a jikinta, alamar ta kama su. Alamar takan yi awa ɗaya zuwa biyu ta gushe, kuma ana ganin ba furotin guda ba ce, yanayi ne na ƙayar, wanda CaMKII da sassaucin zaren aktin mai riƙe siffar ƙayar ke da hannu a ciki. A 2007 Moncada da Viola sun ga haka a ɗabi'a: ɓeran da aka yi wa horo mai rauni ya riƙe shi har gobe idan an bar shi ya zaga sabon wuri kusa da lokacin horon.

Kada ki ɗauka komai daga cibiya yake zuwa. Steward da Levy sun ga ribozom, masu ƙera furotin, a gindin ƙayoyi tun 1982, ɗakin Erin Schuman kuma ya ƙirga nau'in mRNA sama da 2,500 a yankin rassa na hipokampus a 2012. Aikin cibiya, ta hanyar CREB, furotin mai kunna ƙwayoyin gado, shi ne samar da kaya a sa'o'in farko. A dodon koɗin teku Aplysia, wanda Kandel ya samu kyautar Nobel a kansa a 2000, ɗigon serotonin ɗaya yana ba da ƙarfi na mintoci, biyar da tazara suna kai inzayim PKA cikin cibiya, CREB ya tashi, sababbin mahaɗu su fito.

A nan ne ɗan takara na uku ke shigowa. CPEB furotin ne mai sakin mRNA a fassara shi a cikin reshe. A 2003 Si da Lindquist da Kandel sun nuna cewa na Aplysia yana dunƙulewa irin na furayon, wato furotin mai mayar da 'yan'uwansa siffarsa, kuma dunƙulallen ne mai aiki. Dunƙulen yana jawo sababbin CPEB ya mayar da su siffarsa, ke nan siffar ce ke ɗorewa ko an canza 'ya'yanta. A ƙudan 'ya'yan itace sunansa Orb2, kuma ƙudan da aka hana wa dunƙulewar yana koyo, yana tunawa kwana ɗaya, amma bayan kwana biyu abin ya tafi. A ɓeraye CPEB3 ne, hujjarsa dai ba ta kai ta ƙuda kauri ba.

Tambayarki ta biyu lissafi ce. Anisomisin yana aiki na 'yan sa'o'i, furotin ɗin mahaɗa kuwa kwanaki suke yi. Kafin kayan da ke wurin su ƙare, maganin ya fita, an ci gaba da cikewa. Sai dai idan an tuno abin. A 2000 Nader da Schafe da LeDoux sun sa ɓera ya ji ƙarar da ya koyi tsoro, nan take suka sa anisomisin a amigdala, sashen ƙwaƙwalwa mai aikin tsoro. Bayan awa 4 tsoron na nan, bayan awa 24 ya tafi, ko da koyon ya kai kwana 14. In an jinkirta allurar awa 6, ko ba a tuno ba, babu abin da ke faruwa. A 2008 ɗakin Kaang ya gano dalili: tunowa tana sa a rushe furotin masu riƙe dandali, irin su Shank da GKAP, ta hanyar furotiyazom, injin rushe furotin na ƙwayar. Da aka hana rushewar, anisomisin ya daina gogewa, domin ba a buɗe ramin da ake bukatar cikewa ba.

Mai_Auna_Yanka:

Ga masu niyyar yin gwajin da hannunsu, rabin saɓanin da ke cikin wannan fage daga shirya yanka yake fitowa. Ana yanka hipokampus da kaurin kimanin maikuromita 400, a ajiye cikin ruwan gishiri mai iskar oksijin kashi 95 da kabon dayoksaid kashi 5. Yankan kansa rauni ne, yana zubo gulutamet, yana hargitsa fosfet a furotin da yawa. Shi ya sa masu bin gwajin alama irin na Frey da Morris suke barin yankan ya huta sa'o'i, wasu har 4, a zafin digiri 30 zuwa 32, kafin su fara. Wanda ya fara bayan awa ɗaya yana iya samun sakamako daban da maganin iri ɗaya. Ana saita bugun gwaji ya ba da kashi 30 zuwa 50 na iyakar amsa, a auna na minti 20 zuwa 30 har layin ya daidaita. Kuma dole a sami hanya ta biyu da ba a ƙarfafa ba a cikin yankan ɗaya. In ƙarfi ya sauka bayan awa 5 kuma hanya ta biyun ma ta sauka, yankan ne ke mutuwa, ba LTP aka goge ba. Shi ma anisomisin ba tsarkakakke ba ne: a ma'aunin da ake yi wa dabba allura yana sa a zubo sinadaran saƙo da yawa, yana kuma kwantar da bugun jijiyoyi, don haka sai an tabbatar da wani magani na daban.

Ina ƙara wa malamai abu ɗaya: girman ƙayar kansa yana riƙewa. A 2004 Matsuzaki da Kasai sun saki gulutamet da haske a kan ƙaya guda, ta kumbura, makarɓan AMPA suka ƙaru a kanta ita kaɗai. Ƙananan ƙayoyi ne suka fi riƙe kumburin. Zaren aktin da ke ciki yana sabuntuwa cikin mintoci, amma dandali mai faɗi yana da gurabe da yawa, kuma kowane gurbi da aka bari sabon furotin ne ke cike shi. A 2015 Hayashi-Takagi ta ƙera furotin mai aiki da haske wanda ke taruwa a ƙayoyin da suka girma lokacin koyo. Da aka haska, ƙayoyin suka motse, ɓeran ya rasa ƙwarewar da ya koya, wata ƙwarewar daban ba ta taɓu ba. Shekara ɗaya kafin haka Nabavi da Malinow sun kashe tsoron da ɓera ya koya ta hanyar raunana mahaɗu a amigdala, suka dawo da shi da LTP.

Amma a lura da gwajin Ryan da Tonegawa na 2015. An ba ɓera anisomisin bayan koyo, ya manta, kuma ƙwayoyin da suka yi aiki lokacin koyon ba su da ƙarin ƙarfi ko ƙarin ƙayoyi. Da aka tada waɗannan ƙwayoyin kai tsaye da haske, tsoron ya dawo. Saboda haka ƙarfin mahaɗa yana iya zama hanyar isa ga ajiyar, yayin da tsarin wace ƙwaya ke haɗe da wace ya tsira. Duk gwajin gogewa da aka ambata a sama yana bukatar wannan tambayar a kansa: an gwada tada ƙwayoyin kai tsaye bayan gogewar?

Sai kuma batun wuri. A 2015 Attardo da Schnitzer sun bi ƙayoyin yankin CA1 na hipokampus a ɓeraye masu rai, suka ƙiyasta cewa kowace tana rayuwa mako ɗaya zuwa biyu, kusan duka suna canzawa cikin 'yan makonni. A ɓawon ƙwaƙwalwa kuwa, aikin Yang da Gan na 2009 ya nuna yawancin ƙayoyin babban ɓera suna zama na tsawon lokaci, kuma ɗan kaso kaɗan na sababbin da koyo ya haifar yana ɗorewa watanni. Gwajin wata ɗaya a hipokampus ya kusa kai iyakar abin da wurin zai iya nunawa. Mai neman amsar shekara 63 da 'yar'uwa ta tambaya, gwajin raba KIBRA da PKMzeta, ko CaMKII da GluN2B, a ɓawon ƙwaƙwalwa ya kamata ya yi shi, watanni da yawa bayan koyo, da hanyar da ba ta dogara da ZIP ba.